Harshen Cikasha: Tsakanin Adanawa da Rayawa

Ranar 30 ga Disamba 2013 wata dattijuwa mai suna Emily Johnson Dickerson ta rasu a jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka tana da shekara 93. Ita ce mutum ta ƙarshe da ba ta jin kowane harshe sai na Cikasha, al'ummar da masu jin Ingilishi ke kira Chickasaw. A lokacin rasuwarta, waɗanda suka tashi da wannan harshe tun daga goyo ba su kai mutum 100 ba, kuma dukansu dattawa ne. A yau ƴan wannan al'umma da ke da rajista sun haura 70,000. Suna da gwamnatinsu, da majalisa, da kotuna, da asibiti, da kamfanoni masu kawo kuɗi. Yawan jama'a ya ƙaru, arziki ya bunƙasa, amma masu harshen sai raguwa suke yi.

Wannan hali darasi ne ga ɗalibin kimiyyar harshe, domin yana bambanta abubuwa biyu da ake yawan gwamawa. Adana harshe a ƙamus da nahawu da faifai aiki ne guda. Samar da sababbin mutanen da za su yi magana da shi aiki ne daban, kuma shi ya fi wuya. Tarihin Cikasha na shekaru 50 ɗin da suka wuce tarihi ne na ƙaura daga aikin farko zuwa na biyu.

Asali da ƙasar farko

A rubutunsu, haruffan ch suna wakiltar sautin da Hausa ke rubutawa da c. Suna rubuta sunansu Chikasha, harshensu kuma Chikashshanompa', wato haɗin sunan al'ummar da kalmar anompa mai ma'anar magana. Harshen yana cikin iyalin harsunan Muskoji na kudu maso gabashin Amurka, tare da Kirik, Alabama, Kowasati da Mikasuki. Mafi kusa da shi a iyalin shi ne harshen Cahta, wanda ake kira Choctaw da Ingilishi. Kusancinsu ya sa wasu masanan farko suka ɗauki Cikasha a matsayin karin harshen Cahta, amma masu harshen ba su yarda da haka ba, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna bambance-bambance a tsarin sauti da ƙirar kalma da kalmomin yau da kullum.

Tarihin baka na al'ummomin biyu ya tabbatar da wannan zumunta. Ana ba da labarin wasu ƴan'uwa biyu, Ciksa da Cahta, waɗanda suka jagoranci jama'a daga yamma. Kowane dare sukan kafa wata sanda mai alfarma a ƙasa, da safe su bi inda ta karkata, wani farin kare kuma yana yi musu gadi. Bayan sun ƙetare kogin Misisipi sai ƴan'uwan suka yi saɓani a kan ko sandar ta tsaya cak ko tana nan a karkace. A nan suka rabu, kowa da mabiyansa.

Ƴan Cikasha sun zauna a yankin da yanzu ya ƙunshi arewacin Misisipi, yammacin Tenesi, da sassan Alabama da Kentaki. Suna noman masara da wake da kabewa, suna farauta, kuma yaro yana bin dangin uwarsa ne. Sun fara haɗuwa da Turawa a 1540, sa'ad da rundunar Hernando de Soto ta Sifaniya ta yi zaman hunturu a ƙasarsu. Da ya nemi su ba shi ƴan dako da ƙarfi, sai suka far wa sansaninsa da dare a watan Maris 1541 suka ƙone shi. A ƙarni na 18 sun ƙulla hulɗar ciniki da Ingilishi, abin da ya jawo musu gabar Faransawan da ke mulkin Luwiziyana. A 1736 Faransa ta turo runduna biyu, ɗaya daga arewa ɗaya daga kudu ƙarƙashin Gwamna Bienville, kuma duka biyun sun sha kashi. Har yau ƴan Cikasha suna yi wa kansu kirari da cewa su al'umma ce da ba a taɓa ci da yaƙi ba.

A wannan zamani harshensu ba ƙaramin harshe ba ne. Fatake da matafiya na ƙabilu daban-daban a kwarin Misisipi suna amfani da wani sauƙaƙaƙƙen harshen ciniki da ake kira Mobiliyan, wanda mafi yawan kalmominsa daga Cahta da Cikasha suke. Ke nan harshen da a yau ake ƙidaya masu shi da yatsu ya taɓa zama tushen harshen kasuwa na yanki guda.

Kora da rushewar mulki

Abin da yaƙi bai yi ba, doka ta yi. A 1830 majalisar Amurka ta zartar da dokar kwashe al'ummomin asali daga gabashin kogin Misisipi, Shugaba Andrew Jackson ya sa mata hannu. A yarjejeniyar Pontotoc ta 1832 ƴan Cikasha suka sallama ƙasarsu. A 1837 suka amince su biya Cahta dala 530,000 domin samun wurin zama a cikin yankin da aka ba Cahta, a inda yanzu ake kira Oklahoma. Mafi yawansu sun yi ƙaura a 1837 da 1838, mutum kusan 5,000, kuma cutar agana da rashin abinci mai kyau sun kashe ɗaruruwa a hanya da bayan isa. Tare da su akwai bayi baƙaƙen fata fiye da 1,000, domin wasu attajiran Cikasha sun mallaki bayi. Bayan yaƙin basasar Amurka an ƴanta waɗannan bayi, amma gwamnatin Cikasha ba ta karɓe su a matsayin ƴan ƙasa ba, kuma jikokinsu suna ta da wannan magana har yanzu.

A sabon wurin, ƴan Cikasha ba su ji daɗin zama ƙarƙashin gwamnatin Cahta ba. Yarjejeniyar 1855 ta raba su, a 1856 kuma suka rubuta tsarin mulkinsu suka mai da garin Tishomingo babban birni. Wannan mulki bai wuce rabin ƙarni ba. Dokar Curtis ta 1898 ta tilasta a yayyanka ƙasar da jama'a suka mallaka tare, a raba wa ɗaiɗaikun mutane, sannan a 1907 aka kafa jihar Oklahoma. Daga nan har zuwa 1971 shugaban Amurka ne ke naɗa gwamnan Cikasha.

Rabon filaye ya yi wa harshen illar da ba a gani nan take ba. Ƙauyukan da kowa ke jin Cikasha suka warwatse, baƙi masu jin Ingilishi suka cika yankin har suka fi ƴan gida yawa, auratayya ta ƙaru. Makaranta ma ta yi nata. Tun farkon shekarun 1850 shugabannin Cikasha da kansu suka haɗa kai da ƴan mishan suka buɗe makarantun kwana irin su Bloomfield ta ƴan mata, da niyyar ƴaƴansu su iya Ingilishi su kare haƙƙin al'umma. Da Ingilishi ake koyarwa, kuma bayan da hukumomin tarayya suka karɓe makarantun, hana yara magana da harshensu ya zama ruwan dare. A coci kuwa, littafi mai tsarki da waƙoƙin ibada na Cahta ake amfani da su, saboda haka Cikasha bai samu al'adar rubutu tasa ba. Iyayen da suka sha wuya a makaranta saboda harshe suka ga gara kada su ɗora wa ƴaƴansu wannan nauyi. A shekarun 1950 kuma gwamnatin tarayya ta ƙarfafa wa ƴan asali gwiwar ƙaura zuwa manyan birane neman aiki. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yara sun daina tashi da harshen a gida. Babu ranar da aka taru aka yanke wannan shawara. Gida-gida abin ya faru, kowane gida da hujjarsa mai ƙarfi.

Abin da harshen ya ƙunsa

Kafin a duba yunƙurin rayawa, ya kamata a san abin da ake gudun asararsa. Cikasha yana da wasula uku, a, i, o, kuma kowannensu yana iya zuwa gajere, ko dogo, ko ɗan hanci. Kamar Hausa, yana bambanta ma'ana da tsawon wasali da nannage baƙi, kuma yana da hamza da ake rubutawa da ƴar waƙafin sama. Yana da wani sauti da babu shi a Hausa, zuzau ɗan jirge marar ziza, wanda ake rubutawa lh. Akwai kuma wata ƙa'ida mai ban sha'awa: idan gaɓoɓi marasa nauyi suka jeru, ana ja wasalin kowace ta biyu, sai kalma ta samu wani irin kiɗa. Wannan na cikin abubuwan da mai koyo daga littafi kaɗai ba ya iya kamawa.

A ginin jumla, aikau ne ke fara zuwa, sai karɓau, aikatau kuma a ƙarshe. A jumlar Ofi'at kowi'a̱ lhiyohli, wato kare yana korar kyanwa, ɗafin -at yana nuna aikau, ɗafin -a̱ mai wasali ɗan hanci yana nuna karɓau.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda aikatau ke nuna mai magana. A Hausa, wakilin suna ba ya sauyawa saboda irin aikin: na gudu, na faɗi, na gaji. A Cikasha akwai jerin ɗafi uku. Na farko galibi na aikin da mutum ya yi da nufinsa ne, na biyu na halin da ya samu kansa a ciki, na uku kuma na abin da ya shafe shi ko yake ji a ransa. Kalmar chokma tana nufin kyau, kuma da ita ake gaisawa. Idan aka ce chokmali, ma'anar ita ce ina aikata abin kirki. Sachokma na nufin ni mai kyau ne. Anchokma kuma na nufin ina jin daɗi. Tushe ɗaya ne, ɗafi ne ya raba aiki da siffa da ji.

Akwai kuma tsarin bin sawun aikau. Idan Bahaushe ya ce Audu ya ga Sani ya gudu, mai sauraro yana iya tambaya wa ya gudu. Cikasha ba ya barin wannan ruɗani. Aikatau na farko yana ɗaukar ɗafin -cha idan aikau ɗaya ne ya yi ayyukan biyu, ko -na idan aikau ya sauya. Mai ba da labari yana iya jero ayyuka da yawa ba tare da maimaita suna ba, mai sauraro kuma bai ɓata ba.

Mafi yawan abin da duniyar ilimi ta sani game da waɗannan ya fito ne daga haɗin gwiwar mata biyu. Pamela Munro, malama a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ta fara aiki a 1977 da Catherine Willmond, ƴar Cikasha mazauniyar birnin. Sun fitar da babban ƙamus a 1994, sannan littafin koyon harshen a 2008, wanda ya ci lambar Leonard Bloomfield ta ƙungiyar masana harshe ta Amurka a 2010. Sunan Willmond yana kan littattafan a matsayin marubuciya, ba a matsayin wadda aka yi wa tambayoyi kawai ba. Kafin su, wani limamin coci mai suna Jesse Humes da matarsa Vinnie May Humes sun tattara ƙamus na farko, wanda ya fito a 1973 bayan rasuwar mijin. Saboda haka harshen yana da tsarin rubutu biyu. Na Humes ya fi sauƙi ga wanda ya riga ya iya harshen kuma ya saba da rubutun Ingilishi. Na Munro da Willmond yana nuna tsawon wasali da hamza daidai, don haka ya fi amfanar mai koyo. Hukumomin Cikasha sun amince da duka biyun, maimakon su tilasta ɗaya su ɓata wa dattawa rai.

Dawowar mulki da bukukuwa

A watan Oktoba 1960 wasu ƴan Cikasha suka taru a wata ƴar majami'ar karkara mai suna Seeley Chapel domin neman a mayar musu da ikon zaɓen shugabansu. A 1963 Shugaba Kennedy ya naɗa Overton James gwamna, wanda ɗa ne ga Vinnie May Humes, a 1971 kuma jama'a suka zaɓe shi da ƙuri'a. An amince da sabon tsarin mulki a 1983. A 1987 aka zaɓi Bill Anoatubby, wanda ya jagoranci al'ummar shekaru da dama daga hedikwatarta a garin Ada. Kuɗin da ake samu daga gidajen caca da otal-otal da sauran kamfanoni na al'ummar shi ke ɗaukar nauyin lafiya da ilimi da al'adu.

Taron 1960 shi ne asalin babban taro da bikin shekara-shekara da ake yi a Tishomingo wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. A nan ake ganin al'adun da aka farfaɗo da su. Akwai rawar da ake kewaya wuta, namiji yana ba da waƙa sauran maza suna amshi, mata kuma suna ba da kiɗa da ƙoƙunan kunkuru masu tsakuwa da suke ɗaurawa a ƙafa. Akwai wasan ƙwallo da sanduna biyu da ake kira to'li', wanda a da ake sasanta rikici da shi a maimakon yaƙi. Akwai pashofa, abincin ɓarzajjiyar masara da naman alade, wanda asalinsa yana da nasaba da bikin warkar da maras lafiya. A 2006 aka kafa maɗaba'ar al'ummar domin su rubuta tarihinsu da kansu, a 2010 kuma aka buɗe babbar cibiyar al'adu a garin Sulphur, mai ɗauke da gidan tarihi, da cibiyar bincike, da ƙauyen da aka gina irin na ƙarni na 18.

Duk waɗannan sun dawo wa jama'a da alfahari da asalinsu. Sai dai mutum yana iya yin rawar, ya buga ƙwallon, ya ci pashofa, ba tare da ya iya haɗa jumla ɗaya da harshen ba. Ana iya koyon rawa a mako guda. Harshe kuwa sai an ba shi dubban awoyi.

Daga ƙamus zuwa baki

A 2007 gwamnatin Cikasha ta kafa shirin raya harshe, wanda Joshua Hinson ya daɗe yana jagoranta. Shi kansa bai tashi da harshen ba. Da girmansa ya koya a wurin dattawa, sannan ya riƙa yi wa ƴaƴansa magana da shi. Shirin ya fara da tsarin gwani da almajiri, wanda Leanne Hinton da wata ƙungiyar ƴan asalin Kalifoniya suka tsara a farkon shekarun 1990. Ana haɗa dattijo ɗaya da mai koyo ɗaya, su yi awa 10 ko fiye a mako tare, suna girki, suna zuwa kasuwa, suna hira, ba Ingilishi. Idan magana ta tsaya, a yi nuni da hannu ko a zana hoto. Ana biyan su duka biyun, domin a nuna cewa wannan aiki ne, ba taimako ba.

Tsarin yana da iyaka. Ba kowane mai harshe ne malami ba, kuma awoyi kaɗan a mako ba sa isa a kai matakin ƙwarewa da sauri, ga shi dattawan suna ta tafiya. Shi ya sa a 2015 aka buɗe wani shiri na manya, inda ƴan mutane kaɗan ke zama da masu harshen kullum na tsawon shekaru, koyon harshen ya zama shi ne aikinsu. Zaɓen manya a maimakon yara yana da dalili. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a buɗe makarantar yara ba tare da malamai ba, kuma ba a sa ran ɗan shekara 80 ya tsaya aji tun safe har la'asar. Dole a fara samar da tsararrakin da ke tsakiya, waɗanda za su zama malamai da iyaye.

A gefe guda akwai ayyukan da suka shafi jama'a da yawa: ƙungiyar yara masu koyon harshen, darussa a makarantar sakandare ta Byng da wata jami'a a Ada, manhajar wayar hannu, da darussan Rosetta Stone da aka fara fitarwa a 2017, waɗanda ƴan al'ummar da ke nesa da Oklahoma ke iya bi ta intanet. Akwai kuma kwamitin dattawa da ke zama domin ƙirƙirar kalmomin sababbin abubuwa da duba fassara. Masu bincike ƴan Cikasha, irin su Jenny Davis da Kari Chew, sun rubuta a kan yadda masu koyon ke ɗaukar harshen a matsayin wani ɓangare na sanin kansu.

Tambayoyi masu wuya suna nan. Harshen wanda ya koya da girma ba ya zama daidai da na kakarsa. Jan wasali, da zaɓen ɗafin da ya dace cikin jerin nan uku, da bin sawun aikau a dogon labari, su ne wuraren da tasirin Ingilishi ke saurin shiga. Idan aka tsananta gyara, masu koyo su ji kunya su yi shiru. Idan aka sassauta ƙwarai, abin da ya bambanta harshen ya zube. Haka kuma manhaja tana iya koya wa dubban mutane gaisuwa da ƙidaya, amma ba ta zama madadin uwar da ke yi wa ɗanta faɗa da lallashi da harshen ba. Waɗanda suka kai matsayin yin hira sosai cikin sababbin masu koyo ba su da yawa, kuma ma'aunin nasara na gaskiya shi ne ranar da aka samu yaran da suka tashi da Cikasha tun daga goyo.

Kammalawa

Tarihin Cikasha ya nuna cewa mulki da dukiya da biki suna iya dawowa bayan sun tafi, domin takarda da kuɗi suna jira. Mai harshe ba ya jira. Aikin Humes da na Munro da Willmond ya zama jari ne saboda an yi shi tun dattawa suna da yawa, kuma ya yi amfani ne sa'ad da al'ummar ta ɗauke shi ta mai da shi kayan koyarwa.

Wannan magana ba ta yi nisa da Nijar ba. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10, cikinsu har da Tasawak na Ingal da Buduma na tafkin Cadi, waɗanda masu su ba su da yawa kuma suna kewaye da manyan harsuna, ciki har da Hausa. Suna a cikin doka ba ya nuna ko yara suna tashi da harshe. Ɗalibin da zai fita bincike yana iya ɗaukar tambayar da ƴan Cikasha suka gano muhimmancinta a makare: shekarar mafi ƙanƙantar wanda ke magana da harshen nan a gida nawa? Amsar wannan tambaya ta fi jimillar masu harshen faɗin gaskiya game da gobensa.